Tawul ɗin Kafaɗar Inna

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi a ɗakin wanke-wanke na wani babban otal, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo mata da kofi an ce akwai tabo a jikinsa ba. Wanki kowa na yi. Abin da ya yi mata suna gogewa ce. Kofin gilashi yana fitowa daga ruwan zafi sai ta cafke shi da farin tawul, ta murɗa ciki, ta murɗa waje, ta ɗaga shi saitin fitila ta duba. A wancan ɗaki, ɗigon ruwa a jikin kofi abin kunya ne, wanda ya bar shi kuwa malalaci ne. Tsaf-tsaf abokan aikinta suke kiranta. Ranar da ta ajiye aiki ta miƙa rigar aiki da makulli, amma tawul ya biyo ta gida. Kullum akwai ɗaya a kafaɗarta ta hagu, fari, wankakke, gogagge.

Da shi a kafaɗa ta hau benen da autarta take haya, hawa na uku, ranar da aka sallamo jaririn daga asibiti.

Bakwaini ne. Ya zo da sauran wata biyu, ya yi mako biyar a kwalbar jarirai a asibiti, kuma ko da aka sallame shi bai iya kama nono ba. In ya ja sau uku sai ya gaji, barci ya kwashe shi. Don haka Auta take tatsa da na'ura duk bayan awa uku, a zuba a fida, a ba shi kaɗan-kaɗan.

Inna ta karɓe shi, ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan ne angon nawa?" in ji ta. "Duk gaggawar nan da ka yi, ashe ko tafin hannuna ba ka cika ba. Da me za ka riƙe ni, malam?"

Auta ta yi dariya. Mijinta, direban bas ɗin haya, wanda ya durƙusa daga bakin ƙofa yana gaishe da surukarsa, ya ce rabon da ya ji wannan dariyar tun kafin haihuwa.

Gidan ciki da falo ne, sai wani ƙunƙuntaccen kicin da mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya karkace. A kan kantar kicin, kusa da makunnin wuta, akwai wata farar tukunya ta lantarki mai murfin roba garai-garai. Direban ne ya sayo ta a kan shawarar asibiti, don turara fida da kayan tatsa. Da yake Auta ba ta da lokacin kanta, tsakanin tatsa da shayarwa da ɗan gyangyaɗi, wankin kayan ya faɗo kan Inna tun ranar farko.

"Ki kwance komai ɗaya-ɗaya," Auta ta ce, tana nuna mata. "Fida, robar bakinta, zoben, mazurarin nan da nake ɗorawa a ƙirji, da wannan 'yar robar mai kamar farce. Ita ce mai ɓoye nono a lungu. Ki wanke da sabulu a cikin wannan robar, ban da wurin wanke kwanuka. Ki ɗauraye, ki jera su a kife a tukunyar. Ruwa ya tsaya a wannan layin. Ki rufe, ki danna nan. In jar wutar ta mutu, tururi ya gama aikinsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Yau ni ake koya wa wanki," Inna ta ce. "Allah mai iko. Kowa ya daɗe ya ga daɗau."

Auta ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, jaririn ya tsanyara kuka daga ɗaki, ta fita da maganar a bakinta.

Inna ta yi komai yadda aka ce. Ta kwance, ta wanke, ta ɗauraye, ta jera, ta danna. Tukunyar ta yi gurnani, murfin ya yi hazo, can jar wutar ta mutu. Ta ɗaga murfin, tururi ya bugi fuskarta. Da ya washe sai ta ga kayan jiƙe sharkaf, kowace fida da ɗigon ruwa a ciki da waje.

Ba ta yi wani tunani ba. Hannunta ne ya tafi kafaɗa da kansa. Ta ɗauki fida ta farko, ta cusa tawul, ta murɗa ciki, ta murɗa waje, ta ɗaga saitin taga. Robar bakin kuwa sai da ta naɗe ɗan yatsa da gefen tawul ta zura har ƙarshe. Ta goge mazurari, ta goge 'yar robar mai kamar farce. Ta jera su a faranti suna ɗaukar ido.

"Injin banza," ta ce a ranta. "Rabin aiki ya iya."

Tawul ɗin nan kowace yamma take wanke shi, ta shanya, ta sa masa dutsen guga da safe. Amma daga safiya zuwa yamma shi ne mai goge kantar kicin, shi ne mai goge wuƙa bayan an yanka nama, shi take share hannu da shi in ta dawo daga zubar da shara, shi take dangwale gumin goshi da shi in ta hau benen nan da cefane. Ido bai taɓa ganin komai a jikinsa ba, Inna kuwa da ido ta yi aiki duk rayuwarta.

Haka aka yi ta yi, sau shida, sau bakwai a yini. Ba ta faɗa wa kowa tana gogewa ba, domin a wurinta babu abin faɗa. Wa yake sanar da mutane cewa ya rufe famfo bayan ya ɗebi ruwa? Auta dai tana karɓar fida a haɗe, ta ce, "Inna, naki har sheƙi suke yi." Ranar hutun direban, shi ya wanke, ya turara, ya bar su a rufe a tukunyar ya fita. Inna ta leƙa ta murfin, ta ga ruwa, ta girgiza kai. Ba ta so ta kunyata surukinta, sai ta jira ya sauka sannan ta gyara masa aikin a ɓoye.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, jaririn ya ƙi fida. Kafin azahar ya yi amai sau biyu, zawo ya biyo baya, jikinsa ya ɗau zafi. Kukan ma ya daina, sai wani ɗan nishi. Direban ya ajiye motar mutane a tasha ya zo a guje. La'asar ba ta yi ba an mai da yaron asibiti, ɗakin jariran da ya fito, an sa masa ƙarin ruwa ta bayan hannu, an zura masa siririn bututu ta hanci.

Babbar nas ɗin ɗakin, wata doguwar mata mai tabarau mai igiya, ta zaunar da su a ɗan ofishinta. Ta ce ciwon ciki ne, ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma mafi yawa ta baki take shiga. Ta jawo takarda.

"Ina kike ajiye nonon in kin tatsa?"

"A firij, Sista. Ina rubuta lokaci a jikin kowanne."

"Kina wanke hannu kafin ki tatsa?"

"Har gwiwar hannu."

"Wa yake wanke kayan?"

"Mahaifiyata," Auta ta ce, ta ɗan ɗaga murya kamar mai nuna abin alfahari. "Shekara talatin ta yi tana wannan aikin a otal. Duk garin nan ba wanda ya kai ta tsafta."

"To madalla," nas ɗin ta ce, tana rubutu. "In dai ana turara su, kuma ba a taɓa su da tawul ko tsumma bayan sun fito. Mutane da yawa a nan suke ɓata aikin. Ruwan da kike gani a jikinsu na tururi ne, ya fi tawul ɗin kowa tsafta. Kana gogewa ka mai da duk abin da ka kashe, har da ƙari. Babba ba zai ji komai ba, amma irin waɗannan 'yan bakwainin ba su da abin faɗa da cuta." Ta ɗago, ta dubi Inna ta saman tabarau. "Mama, haka kike yi ko? Barinsu kike su sha iska?"

Tawul ɗin yana nan a kafaɗar Inna, ƙarƙashin mayafi. Ta ji nauyinsa kamar an ɗora mata buhu. 'Yarta tana kallonta, surukinta yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, kuma yabon da aka yi mata bai ko huce ba.

"Yadda aka ce, haka nake yi," ta ce.

Nas ɗin ta ja layi a takarda ta wuce tambaya ta gaba.

Gogewar da Inna ta yi kwana goma sha biyu rashin sani ne, kuma rashin sani ana yafe shi. Wannan maganar da ta yi a ofis ƙarya ce, ta san ƙarya ce tun kafin ta fito daga bakinta. Tana sauka matakalar asibiti tana yi wa kanta lauya. Ai ba a faɗa mata ba. Ai nas ɗin ba ta ce tabbas tawul ne ba. Ai daga yau ta daina, kuma tunda ta daina, faɗin me zai ƙara? Mutum in yana son ya wanke kansa, ba ya rasa ruwa.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne Auta ma tana da tunani.

Washegari da safe Inna ta kawo abinci, ta tarar da 'yarta a kan bencin da iyaye mata suke zama a gaban ɗakin jarirai, jakar kayan tatsa tana ƙarƙashin benci ba a buɗe ba. A gefenta akwai wata mata mai jego, mai yawan magana, wadda ta yi mako biyu a wurin har ta zama kamar 'yar gida.

"Ni dai na faɗa mata," matar ta ce wa Inna bayan sun gaisa. "Akwai nonon da ba ya karɓar yaro. Matar yayana 'ya'ya biyu ta rasa kafin a gane. Likitoci ba za su faɗa miki ba, ba ya cikin littafinsu."

"Baiwar Allah, ki ji da naki," Inna ta ce.

"Daga faɗin gaskiya?" Matar ta ja zanenta ta koma ƙarshen benci.

Inna ta zauna. "Kin tatsa?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya." Auta ba ta dube ta ba. "Na ce wa maigidan ya zubar da na firij ma."

"Kina da hankali kuwa? Maganar wannan mai bakin za ki bi?"

"Ba maganarta ba ce, Inna, lissafi ne. Me yake shiga cikin yaron nan? Abu biyu ne, fida da nono. Fida ke kike wankewa. Ke kin yi naki. To saura me?" Ta dafe ƙirjinta, inda rigar ta jiƙe ta bushe ta yi shaci. "Cikina bai iya riƙe shi wata tara ba. Me zai sa nonona ya fi cikina kirki?"

A nan ya kamata Inna ta yi magana. Ta buɗe kwanon abinci ta ce, "Ci ko kaɗan ne."

Nas ɗin ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Ta ce nono ba ya yin haka, ta ce nonon uwa shi ne maganin da ya fi duk abin da yake cikin kabad ɗinta. Likita ya zo ya faɗi haka da tasa muryar mai sanyi. Auta ta saurare su da ladabi, ta ce ta gode, ba ta taɓa jakar ba. Duk abin da suka ce, sai ta yi musu tambaya ɗaya: to in ba nonon ba ne, mene ne? Mai amsar kuwa tana zaune a gefe tana kallon ƙasa.

Rana ta biyu zazzaɓin ya sauka, likita ya ce a fara ba shi abinci ta bututu. Babu nono, sai aka dama madarar gwangwani. Cikin yaron ya kumbura ya yi tauri, ya dawo da ita. Aka dakata, aka sake gwadawa da yamma, ya sake dawowa da ita.

Nas ɗin ta tare Inna a baranda. "Mama, ke ce uwa, ki yi mata magana. Yaron nan ya fara sauka a sikeli, kuma ba shi da abin da zai saukar. Nono kuma ba famfo ba ne da za a rufe a buɗe ranar da aka ga dama. In ta ƙara kwana biyu a haka zai ƙafe. In ya ƙafe, ni ban san da me zan ciyar da shi ba."

"Ina yi mata," Inna ta ce.

Tana yi ɗin. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo misalin 'ya'ya bakwai da ta shayar. Komai ta faɗa ban da abu ɗaya da zai yi aiki.

Rana ta uku da hantsi ta koma gidan don ta ɗauko wa Auta kayan sawa. Direban ya ce zai kai ta, ta ce ya bari, za ta hau motar haya. Ya raka ta bakin titi, ya tsaya yana jujjuya makulli.

"Inna, ku yafe mana wahalar da muke ba ku," ya ce. "Ni tunanin da yake hana ni sukuni, ranar nan da na wanke kayan da kaina. Ko ban wanke hannu sosai ba? Kun san hannun direba, kowa ya taɓa ƙarfen mota ni ma na taɓa. Ban iya faɗa mata ba."

Inna ta dube shi. Katon mutum, idonsa ya yi ja, yana neman laifi a tafin hannunsa. Yanzu mutum biyu ke nan suke ɗauke da kayanta.

"Kai ka yi daidai," ta ce. Mota ta tsaya, ta shiga.

Gidan shiru. A kicin tukunyar tana nan a kan kanta, a bushe, kwana uku ba a kunna ta ba. Inna ta tsaya a gabanta da mayafinta ba ta cire ba. Sai ta tuna wata rana, Auta tana 'yar shekara bakwai, ta fasa kofin shayi ta tura gutsattsarin ƙarƙashin gado. Da Inna ta gano wajen shara, ta tambayi yaran, Auta ta yi shiru, aka daki yayanta. Daga baya gaskiya ta fito. Inna ta zane ta sosai a ranar, tana yi tana cewa: ba don kofin na dake ki ba, kofi ana saye, don kin tsaya kina kallo ana dukan wani a kan abin da kika yi. Yarinyar ba ta sake yi mata ƙarya ba har ta girma.

Inna ta cire mayafi. Akwai kayan tatsa na biyu a cikin kwali, wanda aka saya don ko-ta-kwana. Ta wanke hannu har gwiwa. Ta kwance komai, ta wanke, ta ɗauraye, ta jera a kife da fida biyu, ta zuba ruwa zuwa layi, ta danna. Da jar wutar ta mutu ta ɗaga murfin. Ga ɗigon ruwan nan, kamar kullum. Hannunta ya tashi zuwa kafaɗa, ta kama shi da ɗayan ta sauke. Da ɗan awartakin robar da ya zo tare da tukunyar, wanda ba ta taɓa amfani da shi ba, ta ɗauki kayan ɗaya-ɗaya ta sa a wata roba mai murfi da ta turara tare da su, ta rufe gam. Sannan ta zare tawul ɗin daga kafaɗa ta sa shi a leda shi kaɗai.

Da ta koma asibiti ta sami Auta a ɗan ɗakin da aka ware wa masu tatsa, mai kujera uku da labule. Ba tatsa take yi ba, ta shigo ne don ta guje wa mutane. Inna ta ja labulen, ta ajiye robar a kan tebur, ta ɗora ledar a cinyar 'yarta. Ba ta zauna ba.

"Mene ne wannan?"

"Tawul ɗina ne. Ki saurare ni har in gama." Muryarta ta fito a bushe. "Tun ranar farko, duk abin da ya fito daga tukunyar nan sai na goge shi da wannan. Fida, robar baki, mazurari, duka. Har ciki nake zura yatsa. Ranar da mijinki ya wanke ma na bi bayansa na goge. Da shi nake goge kantar kicin, da wuƙa, da hannuna. Ban san laifi ba ne sai da nas ta faɗa. Da ta tambaye ni, na yi mata ƙarya. Nononki lafiyarsa lau. Ni ce."

Auta ta dubi ledar, ta dubi uwarta.

"Ranar nan a kicin," ta ce a hankali, "abin da zan faɗa miki ke nan, ya yi kuka."

"Kada ki ɗauki wannan ma. Ba a faɗa min ba, gaskiya ne. Amma kwana ukun nan an faɗa min."

"Kwana uku." Auta ta miƙe, ledar ta zame ta faɗi ƙasa. "Kwana uku, Inna, kina zaune kusa da ni. Kina buɗe min kwano kina cewa in ci. Kin ji abin da na ce a kan cikina. Kin ji na sa an zubar da nonon da na tatsa da hawaye, fida goma sha ɗaya. Kina kallo ana ɗura masa madara yana amai."

"Ina kallo."

"Don me?"

"Don kin yabe ni a gaban mutane, na kasa sauka."

Ba ta ƙawata maganar ba, ba ta yi kuka ba. Auta ce ta yi kukan, a tsaye, hannu biyu a kan ƙirji, ba sauti. Inna ta matsa za ta taɓa ta, ta ja da baya.

"Je ki faɗa wa Sista," ta ce. "Da bakinki. Maigidan ma ki faɗa masa."

"Zan je."

"Yanzu."

Inna ta ɗauki ledar ta fita. Kafin labulen ya koma ta ji ƙarar buɗe murfin roba.

Nas ɗin ta saurare ta har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido.

"Ba zan rantse miki cewa tawul ɗin ne kaɗai ba," ta ce. "Amma da kin faɗa min ranar, da ban bi ta ko'ina ina nema ba, da yarinyar nan ba ta azabtar da kanta ba. Mama, da girmanki?"

"Girman ne ya ja," Inna ta ce.

Nas ɗin ta taka kwandon shara ya buɗe. Inna ta sa ledar da hannunta.

Direban yana baranda. Ta faɗa masa a tsaye, yadda ta faɗa wa matarsa, ba ta rage komai ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Inna," bai ƙara ba. Ita ma ta san kunya ce ta hana shi ƙarawa.

Minti arba'in Auta ta yi a bayan labule. Abin da ta fito da shi bai rufe gindin fida ba. Nas ɗin ta ɗaga shi ta duba, ta ce ya isa farawa, ta zuƙe shi a sirinji ta shiga. Bayan awa biyu Auta ta koma bayan labule, bayan wasu biyun ta sake komawa. Nonon ya yi fushi, sai da aka yi kwana huɗu ana roƙonsa kafin ya dawo, kuma bai taɓa kai yadda yake a da ba. Amma abin da ya samu ya zauna a cikin yaron. Ranar kwana na tara sikeli ya motsa sama, rana ta goma sha shida aka sallame su.

A gida Auta ta karɓe wankin kayan. Tana gama tatsa sai ta shiga kicin da kanta, ko da idonta na rufewa. Tana gaishe da Inna da safe, tana amsa abin da aka tambaye ta, iyakarta ke nan. Inna ta yi shara, ta yi girki, ta wanke zannuwa, ba ta kusanci kantar ba. Rana ta biyar ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce in an ga ya fi, za ta koma gida.

"Ba wanda ya kore ki," Auta ta ce, ta wuce ɗaki.

Jakar ta yi kwana biyu a wurin. Rana ta uku da hantsi, Inna tana tsince shinkafa a falo, Auta ta fito da yaron a kafaɗa, robar kayan tatsa a ɗaya hannun. Ta tsaya kaɗan, sannan ta ajiye robar a kan tebur kusa da uwarta.

"Angonki ya hana ni sakat," ta ce. "Ki wanke hannu tukuna."

Inna ta tashi ta shiga kicin. Ta kwance, ta wanke, ta ɗauraye, ta jera, ta danna. Da wutar ta mutu ta ɗaga murfin, tururi ya washe, ruwan yana nan a jikin kowace fida. Kafaɗarta ta hagu babu komai. Ta mai da hannuwanta biyu baya ta riƙe, ta tsaya tana jira su sha iska. Daga bakin ƙofar kicin Auta tana kallo, tana ɗan bubbuga bayan yaron, ba ta tafi ba sai da ɗigon ƙarshe ya bushe.